Gunya a Bakin Gadar Wudil

Makon jiya ina wanke akwatina a bayan tashar Gwarzo, wani saurayi mai sabuwar a-kori-kura ya zo ya zagaya shi sau biyu, ya ƙwanƙwasa ƙarfen da makullinsa, ya ce, "Baba Habu, wai wannan ma sana'a ce? Ba dai a maƙala shi a bayan mota a taka mai ba?" Abokansa suka kwashe da dariya. Wani ya ɗaga waya ya ce ai yanzu hanya ma waya ce ke nuna ta, duk inda aka yi cunkoso za ta yi ja, sai mutum ya kauce. Ban tanka musu ba, domin abin da ya zo bakina a lokacin bai dace da furfurata ba. Yanzu na ɗan huce, ga amsarku, ku da duk mai tunani irin naku.

Shekarata ashirin da shida ina jan doki a bayan mota. Abin da muke kira akwati ɗan ɗaki ne na ƙarfe mai taya huɗu, wanda ake maƙalawa a ƙugiyar bayan mota a ja. Nawa wani mai walda ne ya ƙera mini shi a nan garin, na tsaya a kansa kwana tara, domin in ka juya baya sai ya bar maka tsinin ƙarfe a daidai inda cinyar doki za ta goga. Ƙasansa katako ne, a kan katakon na shimfiɗa tsofaffin tayoyi da aka tsaga, a kansu kuma ƙaiƙayi, don kada kofato ya zame in fitsari ya jiƙa wurin. Ƙofa ɗaya gare shi, ta baya, kuma ba gefe ake buɗe ta ba, kwantar da ita ake yi ƙasa ta zama gangaren da doki zai taka ya hau ko ya sauka. Kafin ta kwanta sai an sami fili kamar taku huɗu a bayanta. Ba na tashi sai da ruwa jarka huɗu, bokiti biyu, ragama biyu, damin harawa, ɗan ƙullin kanwa, da buhunan algarara da ake jiƙawa a yafa wa doki in zafi ya yi yawa. Duk wannan kowane sakarai mai kuɗi zai iya haɗa shi a yini ɗaya.

Lissafin hanya ne ba a sayarwa a kasuwa. Ni da na je wurin maigidana, marigayi Malam Sule na Kabo, ba yaro ba ne. Na shekara takwas ina ɗaukar masara da dawa daga Lakwaya zuwa Dawanau, ina ji da kaina. Na ce masa ai tuƙi na iya, yadda ake maƙala akwatin kawai zai nuna mini. Ya dube ni ya ce, "Shiga." Na nufi gaban mota. Ya ce, "A'a, can." Ya sa ni a cikin akwatin, ya ɗaure mini hannuwa ta baya da ragama, ya rufe, ya ja ni daga Kabo zuwa Gwarzo da irin tuƙin da ya ga ina yi wa buhuna. Kafin mu kai na faɗi sau biyar, na fasa leɓe. Da muka isa bai buɗe ba. Ya ajiye motar a rana, ya tafi shan fura. Tun da iska ta daina shigowa ta tagogin, ban yi minti goma ba na ji numfashina yana neman ɗaukewa. Da ya dawo ya kwantar da ƙofar, ya ce, "Wanne ya fi ciwo, faɗuwar ko tsayuwar?" Na ce tsayuwar. Ya ce, "To yau ka fara koyo."

Doki a cikin akwati da iskar tafiya yake rayuwa. Muddin taya na juyawa, ko a hankali ne, yana samun sanyi. Da an tsaya a rana, ƙarfe ya ɗau zafi, jikinsa kuma na ƙara wani zafin daga ciki. Saboda haka aikinmu ba gudu ba ne, aikinmu shi ne kada a tsaya inda ba mu zaɓa ba. Wata shida Malam Sule bai ba ni sitiyari ba, tambaya kawai yake yi mini. "In ka tashi Gwarzo ranar Talata bayan asuba za ka Zariya, a ina hantsi zai same ka? Wace kasuwa ke ci a hanyar? Ƙarfe nawa take malalowa titi?" Sai na san garin da masallacinsa ke tare hanya ranar Juma'a, da lokacin da makarantu ke tashi, da inda manyan motoci ke jibgewa, da inda akwai itace mai inuwa kusa da rijiya. In na yi kuskure ɗaya sai ya ce, "Ka kashe dokin mutane," ya juya ya ci gaba da cin goronsa. Wayarku tana yin ja ne bayan cunkoso ya riga ya haɗu. Mu tun ana jibi tafiya muke sanin inda zai haɗu.

Masu doki kuwa, Allah ya ba mu haƙurin zama da su. Akwai wani Alhaji a Kabo da ya so in cusa janareta da buhun taki biyu a gefen ingarmansa zuwa Katsina, wai ai akwai sauran wuri. Akwai samarin sukuwa da ke zama a gefenka suna cewa ka ƙara wuta, kamar su ne a tsaye a baya. Akwai wanda za ka ce masa bayan sallar asuba, ya fito ƙarfe tara yana sakace. Irin waɗannan ban taɓa jin nauyinsu ba. Na sha sauke doki a ƙofar gidan mai shi, in miƙa masa ragama in ja motata. Har suna aka sa mini a Gwarzo, wai Habu Ba-ka-jira. Ku riƙe wannan, domin abin da zan faɗa muku ba ragon direba ne ya aikata shi ba.

Shekarar da aka cire tallafin mai ita ce mummunar shekarata. Kuɗin jan akwati ya fi ƙarfin mutane, sai suka koma cusa dawaki a motar shanu, ko su ɗaure su da igiya a buɗaɗɗiyar a-kori-kura irin ta abokinku. Na ga dokin da aka sauke a Gwarzo da karyayyar ƙafa saboda haka. Na yi mako bakwai ban maƙala akwatin ba, har kaji suka fara ƙwai a ciki. Ana cikin bazarar da ta biyo baya, lokacin da ko tabarma ka taɓa da rana sai ta ƙona ka, Baba Jauro na Masanawa ya aiko in je.

Baba Jauro dattijo ne da ya haura tamanin. Iyayensa makiyaya ne, shi ya zauna ya kama noma, shanun kuma suna hannun ɗansa Umaru a wani ƙauye kafin a kai Ningi. Abin da ya rage masa na gidan ubansa goɗiya ce guda, Gunya, mai kalar ƙasa-ƙasa da farar geza. Ya lissafa mini uwarta da kakarta da uwar kakarta, har ya kai kan goɗiyar da mahaifinsa ya hawo ya shigo ƙasar nan da ita. Duk sauran sun mutu ko an sayar. Gunya na da ciki wata takwas.

"Malam Habu," in ji shi, "nan babu sauran makiyaya, ko'ina an nome. Harawa ta gagare ni, ƙarfina kuma ya ƙare. In ta haihu a wurin Umaru, jinin dawakin mahaifina bai yanke a hannuna ba. In ta mutu a turkena, da wane ido zan dube shi gobe ƙiyama?"

Na ce, "Baba, in sha Allahu za ta kai. Yaushe?"

Ya ce Umaru zai tashi da shanu ranar Asabar da sassafe, dole ta isa kafin nan. Na so mu tafi Laraba ko Alhamis, amma kwana biyun nan a layin mai na ƙare su, sai Alhamis da la'asar na cika tanki da jarka ɗaya. Juma'a ta rage, kuma duk direban da ya san hanyar gabas ya san abin da Juma'a ke nufi. Ranar kasuwar Wudil ce, motocin shanu daga ko'ina, ga gada guda da kowa zai bi ta kanta, ga masallaci. Na zauna na yi lissafina. In mun tashi shida saura kwata, bakwai muna gefen Kano kafin 'yan adaidaita sahu su cika titi, mu zagaye gari ta baifas, takwas da rabi mun haye gadar Wudil kasuwa ba ta gama tashi daga barci ba. Goma mu huta a wata inuwar mangwaro da na sani wajen Birnin Kudu, in ba ta ruwa. Kafin azahar tana turken Umaru.

Na ce, "Baba, sharaɗi ɗaya. Daga ƙofar gidan nan har mu haye gada, ba tsayawa. Ko gaisuwa ce, ta taga."

Ya yi dariya ya ce, "Kai ne limamin tafiya."

Tun yammacin Alhamis na kai akwatin Masanawa, na kwantar da ƙofar na zuba harawa a ciki, don ta shinshina ta saba. Duk da haka da asuba sai da muka yi kusan rabin sa'a muna lallashinta, na ɗaure mata ido da rawanin Baba kafin ta taka gangaren. Mutanen gida suka fito, liman ya yi addu'a, mata na leƙe ta zana suna yi mata sallama kamar mutum. Shida daidai muka hau titi. Na rasa kwata, amma ban damu ba, na bar wa lissafin sarari.

Ba mu kai Rimin Gado ba, a wani ƙauye da ke bakin titi, na hangi ana shimfiɗa tabarmi a ƙofar wani gida, maza na taruwa da butoci. Na san abin da hakan ke nufi, na kau da kai na ƙara mai kaɗan. Baba ya dafa hannuna.

"Tsaya. Gidan Malam Audu ne."

"Baba, sharaɗinmu."

"Tare aka yi mana kaciya da Audu. Tsaya in ji."

Na tsaya. Wani ya rugo, ya ga Baba, ya durƙusa ya ce Malam Audu ya cika bayan an idar da sallar asuba, yanzu ma ake shirin aika masa. Baba ya yi salati, ya buɗe ƙofa ya sauka, ko sandarsa bai ɗauka ba.

Ku da kuka girma a garuruwan nan kun san ba a wuce gawa. Ni ma na sani. Na gyara motar ƙarƙashin wata darbejiya, na bi shi, na yi ta'aziyya, na zauna a bakin tabarma ina duban agogo ta ƙasan hannun riga. Aka ce ana wanka. Aka ce likkafani bai iso ba. Aka ce babban ɗan mamacin ya taso daga Kano, a ɗan dakata masa. Duk wanda ya zo sai ya tsuguna gaban Baba, ya haƙuri, ya gida, ya mutanen Masanawa, ya zafi, ya ƙarin haƙuri. Ƙarfe bakwai da rabi na matsa kusa da kunnensa.

"Baba, ko in wuce da ita, kai ka biyo motar haya in an gama?"

A hankali na faɗa, amma wani dattijo mai jar hula da ke gefensa ya ji. Ya juyo ya dube ni daga sama har ƙasa.

"Kai ɗan wane gida ne? Musulmi na kwance ba a sallace shi ba, kana maganar dabba?"

Baba kuwa idonsa na kan ƙofar gidan, ban ma tabbata ya ji ni ba. Ni kuwa, Habu Ba-ka-jira, wanda ya sha mayar wa Alhazai ragamarsu, sai na sunkuyar da kai na ce, "A yi haƙuri, Baba." Na koma bakin tabarma na zauna. Har yau in na tuna wannan zaman sai in ji kamar in mari kaina. Na koma wurin Gunya sau uku, na ba ta ruwa, jarka ɗaya ta tafi. Ban sauke ta ba, domin na ga wahalar da muka sha kafin ta hau, kuma kowane lokaci cewa ake yi yanzun nan za a fito da gawar.

Tara da rabi aka yi salla. Aka tafi maƙabarta, Baba na gaba. Goma da rabi ya shigo mota, ƙurar kabari a gwiwoyinsa.

Na ce, "Baba, lissafi ya lalace. Mu koma Masanawa."

Ya ce, "Mun yi sallama da mutane, an yi mana addu'a, mu koma mu ce me? Umaru kuma gobe ba ya nan. Mu je, Allah na nan."

Nan ma da na kafe, da ya bi. Amma na tuna man da na kwana biyu ina nema, na tuna mako bakwai na zaman banza, na ce wa kaina in na matsa zan haye gada kafin a fara tare hanya don salla. Wato na bar lissafi na kama fata, abin da Malam Sule ya hana ni tun ranar farko.

Kano ta ci mana sa'a ɗaya da rabi. Ƙarfe ɗaya saura muka gangaro Wudil, sai komai ya tsaya cak. Motocin shanu sun jeru layi biyu, masu tahowa daga gada sun shigo hannunmu, masu babura sun cike duk wata kafa. Ta dama rumfuna da kwata, ta hagu tirela. Ina hango ƙarfen gadar, bai fi jifa uku ba. Wata babbar mota mai ɗauke da buhunan dusa ta matso ta bayanmu har hancinta ya kusa taɓa ƙofar akwatin. Ban lura ba a lokacin, hankalina na gaba. Da aka yi kiran salla sai na ga direbobi na kashe mota suna kullewa, suna ɗaukar darduma.

Na zagaya na leƙa ta taga. Gunya ta jiƙe sharkaf, hancinta na buɗewa yana rufewa da sauri. Na jiƙa buhunan algarara na cusa ta taga na yafa mata, na ɗaga bokiti ta sha kaɗan ta kau da kai. Na hau saman akwatin na kwarara ruwa a kan rufin, ruwan na taɓa ƙarfen yana ƙafewa. Jarka ta biyu ta ƙare, ta uku da ta huɗu ma suka ƙare. Na ce sauke ta zan yi ko a tsakiyar titi ne. Na je zan zare sakatar ƙofa, a nan na ga tsakanina da motar dusa bai kai kamu biyu ba. Na doki ƙofar motar, ba kowa. Na tambayi mai rake da ke wurin, ya ce direban ya tafi masallaci da makullinsa.

Na yi ihu a titin nan kamar mahaukaci. Na roƙi mutane mu tura motar baya, muka taru mu kusan goma, ko motsi ba ta yi ba, kuma bayanta ma wata ce a manne. Na ce gaba fa? Gabana motar shanu ce, ita ma a kulle. Baba ya fito ya tsaya jikin taga, ya zura hannu yana shafa wuyanta, yana yi mata magana da 'yar Fillancin da ta rage masa. Na saye ruwan leda na duk wata mai talla da ke kusa, ina fasawa ina watsa mata. Sai na kai hannu wuyanta na ji ya bushe. Doki in ya daina gumi a cikin irin wannan zafi, duk mai sana'ar nan ya san abin da ya rage. Na ɗauko ƙarfen cire taya na fara ɓanɓare gefen akwatin da na tsaya kwana tara a kan ƙirarsa. Mai waldan ya yi aiki mai kyau, Allah ya isa tsakanina da kyan aikinsa a ranar. Ina cikin dukan ƙarfen na ji akwatin ya girgiza, motar ta yi ƙasa ta baya. Ta faɗi.

Biyu da kwata direban dusa ya dawo yana taunar rake, ya ce mene ne ake dukar masa mota. Ban san lokacin da na shaƙe wuyan rigarsa ba, mutane ne suka raba mu. Kuma ba shi da laifi, salla ya je. Sai wajen uku aka sami sararin da ya ja baya, na kwantar da ƙofar. Da taimakon wasu mahauta muka tashe ta, ta sauko tana tangaɗi, muka ja ta ta wani lungu zuwa bakin kogi. Muna zuba mata ruwa, ta durƙusa a kan yashi, ta yi ɓari. 'Yar duƙusa ce, har gashi ya fito mata, da farar geza irin ta uwar. Gunya ta juyo da kai ta shinshine ta sau ɗaya, ta kwantar da wuya.

Tana cikin shure-shure wani mutum ya matso da hula a karkace, ya ce wa Baba, "Alhaji, nawa za a bar mini ita kafin ta ƙarasa? Akwai masu ɗaukar naman doki zuwa kudu." Na tashi da bokiti a hannu. Baba ya ce, "Habu, zauna." Ya ce wa mutumin, "Allah ya ba ka a wani wurin." Kafin a kira la'asar ta daina motsi.

Masu ɗiban yashi suka ara mana shebur, suka kama mana muka haƙa rami. Baba ya kwance ragamar da hannunsa, ya naɗe ta ya sa a aljihun babbar riga. Muka binne su tare. Ya ce in kira masa Umaru, na kira na miƙa masa wayar. Abin da ya ce kawai shi ne, "Ka tafi da shanunka gobe, kada ka jira," ya miƙo mini.

Muka juyo da akwati ba kowa, yana ta ƙara a bayanmu saboda gefen da na lanƙwasa. Raina a ɓace yake da kowa. Ina zagin dattijo mai jar hula a zuciyata, ina zagin ɗan mamacin da ya taso daga Kano a makare, da masu gaisuwar da ba ta ƙarewa, da wanda ya kafa kasuwa a bakin gada, da man da ya sa na yarda da Juma'a. Na shirya abin da zan faɗa in Baba ya ɗora mini laifi. Zan tuna masa sharaɗinmu, zan tuna masa wanda ya dafa hannuna ya ce in tsaya.

Gab da magariba muka iso ƙauyen Malam Audu. Tabarmin na nan, mutane sun ma fi na safe yawa. Na rage gudu, na zaci zai sauka ya yi musu sallama.

Ya ce, "Wuce."

Na wuce. Sai da gidan ya ɓace a madubi ya yi gyaran murya.

"Malam Habu, da mun haye gadar nan da safe, da ta kai?"

Na so in ce Allah ne masani, amma na gaji da sunkuyar da kai a ranar. Na ce, "Da ikon Allah da ta kai, Baba. Da yanzu tana cin harawa a turken Umaru."

Ya gyaɗa kai.

"Da na sauka a nan da safe, makullin motar a hannun wa yake?"

"A hannuna, Baba."

"Ka san hanya, ka san sunan ƙauyen Umaru, ka san abin da rana ke yi wa doki. Ni ban san ƙarfe nawa kasuwa ke cika ba, shi ya sa na aika aka kira ka."

"Baba, na faɗa. Kana ji aka ce mini ina maganar dabba."

"Na ji. Da ka tashi ka tafi da ita, da sun zage ka, ni ma da na taya su don kunya, da daddare kuma in sa maka albarka." Ya sa hannu a aljihu ya taɓa ragamar. "Ni aminina ne a kwance, ba ni da halin wucewa. Kai wa ya rasu maka?"

Na ci gaba da tuƙi har muka shiga Masanawa, inda mutanen gida suka fito da murna suna tambaya ko Gunya ta sauka lafiya.